Jibi Za Ku Koma Gida

Jiya a shagon tela na tarar ana maimaita wasan barkwancin nan da Kaka take so a talabijin. Ɗan wasan ya cusa matashin kai cikin babbar riga, ya zama ɗan siyasa, yana ce wa 'yan gudun hijira, "Jibi za ku koma gida." Nan take ƙamshin turaren wutarta ya dawo mini.

A ɗakinmu na Bulumkutu take kallonsa, tun da rikici ya koro mu daga Baga. Takan yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce wa talabijin, "Kai maƙaryaci, jibin wace shekara?"

Wata rana na ce, "Kaka, tunda kin san ƙarya ce, bari in kwance ƙunshin kayanki mana."

Ta dafe shi. "Bar shi, 'yar nan. Ko maƙaryaci wata rana yakan dace."

A ɗaure muka same shi ranar da ta rasu. Jiya kowa a shagon ya yi dariya, ni kuwa gajiya na ji. Allah Ya sauke ta a gidan da ba a korar kowa.