Layi Biyu Bayan Amin

Shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, ita ce shekarar da na karɓi takardar shaidar yaƙi da jahilci. Na haura arba'in a lokacin. Rani uku na yi ina taka ƙafa zuwa Roni, in zauna a tabarma ina haɗa baƙi da wasali. Ba ni da saurin ganewa, amma ba na gajiya. Tun daga nan duk takardar da ta shigo ƙauyenmu, hannuna take zuwa.

Malaminmu ya koya mana tsarin wasiƙa: gaisuwa a sama, magana a tsakiya, addu'a a ƙasa. In ka kai addu'a, ka gama. Haka muka saba ko a zaure, da an shafa kowa sai ya nemi takalminsa. Ƙananan baƙaƙen da ke gindin littafin karatunmu kuwa, ya ce sunan masu ɗab'i ne, ba namu ba ne.

Gab da damina malamin gona ya zo a babur, ya sauke kwalin maganin iri, jan gari a 'yan ƙunshi, da takarda guda ta Hausa. Sauri yake yi, mutanen garin Gwiwa na jiransa.

"Wa ke karatu a nan?" ya tambaya.

Ɗan kawuna, abokin wasana, ya nuna ni da haɓa. "Ga shehin malami nan, ranka ya daɗe. Sai dai a ba shi kwana biyu, layi ɗaya yake ci a wuni."

Aka yi dariya, har da ni. Malamin gona ya miƙo min takardar ya tada babur.

Bayan la'asar magidanta suka taru a gindin tsamiya na karanta musu. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga abokin arzikin manomi, da hoton wani yana dariya kusa da rumbu. Rabin takardar yabon maganin ne, kamar maroƙi ya samu mai kyauta. Sai yadda za a zuba a ƙwarya a cuɗa da iri. Sai na kai inda aka ce, Allah ya ba da damina mai albarka. Jama'a suka ce amin, aka shafa, aka fara miƙewa. Na ga wasu 'yan baƙaƙe a ƙasa kamar jerin kiyashi. Na ce a raina, masu ɗab'i ne. Na naɗe takardar na sa a aljihu, ina jin daɗin kaina.

Yayana ya cuɗa buhun dawa guda da maganin. Ruwan fari ya sauka, ya shuka rabi. Daga nan sama ta ɗauke. Shukar ta fito ta ƙone, ciyawa ba ta tsiro ba, harawar bara ta ƙare. Dabbobinsa suka fara cin dangar gida. Sansa na huɗa, wanda ya yi shekara biyar yana tattalinsa, har haƙarƙarinsa ana ƙirgawa.

A wurinmu ragowar iri ba ta zama shara. In ba a shuka ba, ta koma turmi ko ta koma akurki da turke. Wata safiya Yaya ya same ni ina gyaran fartanya.

"Kai mai karatu, dawar nan da ta rage, in bai wa dabbobi? Jan nan nata ne ban yarda da shi ba. Takardar ta hana?"

"Yaya, na karanta ta tun daga sama har amin. Babu hani."

"To shi ke nan. Kai ke da ido, mu makafi ne."

Ya gauraya ta da dusa ya zuba musu, kaji suka tsince wadda ta zube. Kwana biyu yana ba su. Rana ta uku da hantsi matarsa ta aiko in zo. Na tarar da san a kwance yana shure-shure, kumfa a bakinsa. Tumaki da awaki da kaji sun riga sun sandare. Liman ya ce ko an yanka kada kowa ya ci, sai rami muka haƙa a bayan gari.

Na dawo na zaro takardar, na fita da ita rana, na ɗora yatsa a kan kiyashin nan. Layi biyu ne. Irin da aka sa wa wannan magani guba ne. Kada mutum ko dabba su ci.

Da malamin gona ya sake zuwa na nuna masa. Ya ce, "To ai an rubuta, Baba."

Na ce, "An rubuta, ranka ya daɗe, amma bayan an shafa."

Ya ce a birni ake bugawa, ba shi ya tsara ba. Na yarda da shi. Wanda ya tsara bai taɓa zama a gindin tsamiya ba, kuma ba zai taɓa jin labarinmu ba.

Daga baya a kasuwar Babura muka ga gwangwanin maganin ɓera da aka shigo da shi daga Nijar. Ko kalma ɗaya ban iya karantawa ba, amma a samansa akwai hoton ƙoƙon kan mutum da jan fenti. Yaya, wanda bai san baƙi ko ɗaya ba, ya janye hannunsa. Bai dube ni ba.

Bai taɓa yi min faɗa ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. Sai dai da wasiƙar ɗansa ta zo daga Kano, ya wuce ƙofar gidana da ita a aljihu, ya taka har Kazaure aka karanta masa. Abokin wasana ma ya daina ce min shehin malami.

Sa ɗaya. Tumaki huɗu, biyu da ciki. Awaki uku. Kaji goma sha ɗaya. Dawa rabin buhu.