Inna da Aron Rariya

Shekara biyar ke nan da rasuwar surukata, wadda duk unguwarmu a Bodinga ke kira Inna. Sunanta na yanka bai taɓa fita daga bakina ba tana raye, ba kuwa zan fara yau a jarida ba.

Tun ina da cikin fari nake ɗauke da wata fargaba da ban gaya wa kowa ba: kada in haifi ɗa ya tashi bai san ni ba. Ni ma 'yar fari ce a gidanmu can Lambara. Mahaifiyata mutuniyar kirki ce, amma kunyar ɗan fari ta hana ta ko kallona a gaban mutane. Ba ta kiran sunana. In na faɗi na kuje gwiwa, wurin kakata nake gudu, ita kuwa sai ta ƙara sunkuyar da kai a kan turmi. Har yau in na je gida gaisuwar mutunci muke yi, kamar baƙi biyu da suka haɗu a gidan suna. Ban ga laifinta ba, haka ta tarar. Sai dai ban so ni da nawa ɗan mu ƙare haka.

Da na gama wankan jego za a mayar da ni ɗakina, gwaggonnina suka zaunar da ni. A gaban surukai, in yaron ya yi kuka kada in zabura. Kada in yi masa wasa, kada a kama ni ina kallon fuskarsa. Suka ƙara da cewa yawan ɗauka ma ɓata yaro yake yi, sai ya saba da hannu. Na ce to.

Gidan kuwa ƙarami ne. Maigida yana gonar albasa tun safe, ni da Inna muke wuni ƙarƙashin rumfa ɗaya. Yaro zai fara kuka a kan tabarma, nono na zuba har ya jiƙa mini riga, ni kuma ina tsintar tsakuwa a gero kamar kurma. Sai Inna ta dafa gwiwa ta miƙe, ta harari jikan nata, ta ce, "Wanga ango nawa, ba cehwane sai kwakwazo! Bari in tahi gidan Tumba in aro rariya." Tana ficewa sai in yi wuf in sure shi.

Haka kullum. Yau rariya, gobe maburgi, jibi ludayi. Ni kuwa sai fargabata ta zama biyu, don na ɗauka kukan ne ke korar ta, tsohuwa ba ta son ɗana.

Amma a 'yan lokutan nan da take fita na koyi yaron nan kamar yadda ake koyon hanyar rijiya. Na gane in yunwa ce, sai ya fara tsotsar hannu yana juya kai tun kafin ya buɗe baki. In barci ne, kunne yake ja. In ina masa wasa ya kau da fuska, to ya gaji, a bar shi ya huta, shi zai juyo da kansa. Na kuma lura in na ɗauke shi kukan bai yi zafi ba, nan da nan yake lafawa, in kuwa na bari ya shiɗe, sai mu daɗe muna fama.

Wata rana kayan aro suka taru, na kwashe su na kai wa maƙwabciyarmu Tumba, ina ba ta haƙuri. Matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, Innarki mi za ta yi da rariyata? In ta shigo, jikin katanga taka zama ta kasa kunne. Sai ta ji kin hwara yi mai waƙa, sannan ta ce in ba ta ko mi na, kada ta koma hannu sake."

Washegari da ya fara kuka, Inna ta miƙe. Na yi ƙarfin hali, kaina a ƙasa, na ce, "Inna, ga taki rariyar can rataye." Ta ce, "Tawa ramunta sun yi hwaɗi." Sai da ta kai bakin zaure, ba ta juyo ba, ta ce, "Ni na yi kunyar ubanai har yag girma bai san ɗumin bayana ba. Ke ɗauki abinki. Ni ban gani ba." Maganar ba ta sake haɗa mu ba har ta koma ga Allah. Ban daina yi mata kunya ba, ita ma ba ta daina aro ba.

Ranar da aka kai shi yaye Lambara ban iya cin tuwo ba. Fargabar nan ta dā ta dawo sabuwa. Da lokacin ɗauko shi ya yi, Inna ta ce da ita za a je, wai za ta bi sawun angonta kada 'yan matan Shagari su ƙwace mata shi. Muna shiga gida ya hango ni. Ya yar da ƙullin ƙuli-ƙulin da ke hannunsa, ya sheƙo, ya cusa kai cikin zanena yana kuka, har da kai mini ɗan duka a cinya, na tafiyar da na yi na bar shi. A gaban mahaifiyata, a gaban surukata. Na rasa inda zan sa kaina. Sai na ji Inna ta ce wa mahaifiyata, "Taho ki gwada min tumakinku." Suka fice. Na ɗauke shi. Bai jima ba ya zame ya sauka, ya bi 'yan tsaki, yana yi yana waiwayo ni, in mun haɗa ido ya ƙara gaba.

Yanzu yana makaranta. Yaron da aka ce zai saba da hannu, shi ne ba ya jira a raka shi. Amma in abu ya dame shi, ko an doke shi a hanya, wurina yake fara zuwa. Ni kuwa har yau ban iya kiran sunansa ba, Angon Inna nake ce masa, yana amsawa.

Kwanan baya na kai ƙanwarsa rigakafi, ma'aikaciyar asibiti tana ta yi mana bayani: mu riƙa kallon idon jariri, mu yi masa magana, mu amsa in ya kira, wai haka ke sa ya tashi da natsuwa. Na ce a raina, da Inna na nan da ta ce, "Yau kuma abin har sai an hwaɗa da lasifika?" Sai dai ban san me za ta ce da abin da na gani a kan bencin jira ba. Wata yarinya tana shayarwa, jaririn ya kafe ta da ido yana 'yan guna-guni, ita idonta na kan waya. Ba suruka a wurin, ba wanda take jin kunya. Ina jin da Inna na nan, wayar ce za ta ce a ara mata.

Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba. Da muka buɗe ɗakinta bayan addu'ar bakwai, mun tarar da rariyar Tumba guda ɗaya da ba a mayar ba, Tumba ta ce in riƙe. Abin da ta bari na gaske yana nan yana yawo a tsakar gida, yaron da ya san inda zai nufa in ya ji tsoro.

Roƙona ga mai karatu biyu ne. Ku sa Inna a addu'a, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Sannan iyayenmu mata, in akwai mai ɗan fari a gidanku, kuka ji jaririn ya fara kuka ita kuma ta sunkuyar da kai, don Allah ku tashi ku je aron rariya.