Haƙorin Kada a Aljihun Baba

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da haƙorin nan da ya shigo gidanmu a Haɗejiya, shekarar da Baba ya kwanta ciwon ajali.

Yayana direban babbar mota ne, yana zuwa Agadas. Shi ya kawo shi tsaraba: baƙi, mai nauyi, ya fi babban yatsana kauri. Ya ce a cikin yashin hamada ake tsintar irinsa, na wani kada ne da ya kai tsawon motarsa, wanda ya rayu tare da manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin a yi mutane. Baba masunci ne, ya san kada kamar maƙwabci. Ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya jefa a aljihu.

Ni kuwa mutum ne mai wasiwasi, alwala ma sai na maimaita. Da na lura Baba yana salla a zaune da abin nan a jikinsa, sai hankalina ya tashi. Ƙashin mushe fa! Idan najasa ce, ina sallolin tsohon da ke bakin kabari? Na so in ɗauke in ya yi barci, na ga sata ce. Na so in yi magana, kunya ta hana. Abinci ya daina shiga.

Daga ƙarshe na sami limamin unguwarmu bayan la'asar.

"Allah gafarta Malam, sallar Baba nake ji wa tsoro."

Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi murmushi. "Kai dai ba ka hutawa. Abin ruwa mushensa mai tsarki ne, ballantana wannan da ya zama dutse. Shi mai haƙorin, ka tambaye shi dalilin riƙonsa?"

Wallahi ban taɓa tunanin haka ba.

Washegari ina ba Baba kunu na tambaye shi. Ya ɗora mini haƙorin a tafin hannu.

"Yayanka ya ce inda aka tsince shi kogi ne a da, ya fi namu. Yanzu ko kwaɗo babu. Ka ga yadda ciyawar kacalla ke cinye mana hanyoyin ruwa? Ina jin haushi, kamar ni kaɗai aka yi wa. Da wannan ya zo sai na ce, mai wannan baki ma an kira shi ya amsa, koginsa ya bi shi. To ni wa? In na taɓa shi tsoron tafiya yana raguwa."

Ni ina can ina binciken sallarsa, shi kuwa mutuwa yake koya wa zuciyarsa. Bai kai kaka ba ya rasu, fuskarsa a sake.

Wasiwasin bai bar ni ba har yau. Amma na koyi cewa kafin in ƙwace abu daga hannun mutum don tsoron da nake ji masa, in fara zama kusa da shi in ji me abin yake yi masa.