Ƙaura Cikin Kwana Huɗu

A ofis Mai Kunne suke ce masa, don aikinsa sauraron ƙasa ne. Ma'aikatan daji kan girgiza ƙasa da manyan motoci, ƙarar ta nutsa ta bugi duwatsu ta dawo. To amon nan maƙaryaci ne, ba ya nuna ainihin inda ya fito. Sai kwamfuta ta yi lissafi ta mai da kowanne mazauninsa, sannan hoton ƙarƙashin ƙasa ya fito, a san inda za a haƙa. Wannan lissafin suke kira ƙaura. Mako uku yakan ci. Bawan Allah ya shekara shida yana fama, har furfura ta fito masa, kafin ya mai da shi kwana huɗu.

Ranar da abin ya yiwu, yana tsakar gida yana waya, murna fal, yana cewa ƙaura ta kankama, kwana huɗu an gama. Mahaifiyarsa na kan tabarma tana ji. Ita kuwa haka babban ɗanta ya tafi wata ƙasa, shekara goma sha biyu sai murya a waya.

Tsohuwa ta ɗauka shi ma tafiya zai yi. Abinci dai ta daina ci, ta shiga wanke masa riguna da hannunta tana ninkewa. Sai a kwana na uku matarsa ta gano, ta ja shi gefe ta ce kaico, mai jin motsin duwatsu ya kasa jin uwarsa.

Ya durƙusa gabanta, ya tsoma cokali a kofin ruwa, ya nuna mata yadda yake kamar ya karye alhali lafiyarsa ƙalau. Ya ce gyara irin wannan ƙaryar ita ce ƙaurarsu, ba ta shiga jirgi ba. Ta yi dariya har da hawaye.

"Da ma na ce kai ba za ka bar ni ba," in ji ta. "Miƙo min kwanon nan."

Abin tausayi, a aljihunsa akwai takardar da ta iso da safiyar nan. Babban ofishin kamfanin na ƙetare ne ke kiransa, saboda wannan aikin. Ya zauna yana kallonta tana ci hannu baka hannu ƙwarya.

Waɗanda ya koya wa aikin ne suka tafi, yanzu su ke ba shi umarni. Ita kuwa ta ƙara shekara tara, ta rasu a hannunsa, ba ta taɓa jin labarin takardar ba.