Rigar Ruwa Mai Aiki a Wuya

Shekarar da na shiga jami'a a Kalabi, ruwan sama ne ya tashi korata daga karatu, ba jarrabawa ba. Daga gidanmu a Zongon Kwatano zuwa can tafiya ce mai nisa, kuma in ina so in riski darasin safe dole in hau zemijan, babur ɗin hayar da ya cika Kwatano a shekarun nan. Wanda ya san garin a watan Yuni ya san ruwansa ba ya sallama. Ka fito da rana tsaka, kafin ka kai kwanar layinku sama ta ɓalle. Na gwada lema a kan babur sau ɗaya, iska ta juye ta, na iso makaranta riƙe da sanda da wayoyi.

Karo na uku da na dawo gida a jiƙe, na tarar da Baba zaune a zaure da direbobinsa. Manyan motoci biyu gare shi, kamyo muke ce musu, suna kai kaya arewa su sauko da albasa. Na ratsa ta gabansu zane manne a jiki, ɗankwali yana ɗiga, kowa ya sunkuyar da kai. Sai bayan la'asar ya aika a kira ni.

"Ke 'yar lekwal," in ji shi, wato 'yar boko, haka yake kirana in ransa ya ɓaci, "ba 'yata ce za ta riƙa ratsa unguwa kamar wadda aka tsamo daga rijiya ba. Kika ƙara shigo min gida a jiƙe, karatun nan ya ƙare. Ki zauna shagon uwarki ki auna atamfa."

Baba ba ya maimaita magana. Ni kuwa a duk danginmu ni ce mace ta farko da ta taka jami'a, kuma ina son karatun nan kamar raina. Tunanin in ƙare a bayan kanta ina naɗe atamfa ya hana ni cin tuwo ranar.

Na zaga 'yan gwanjo neman rigar ruwa. Duk ta maza ce, wadda ta fi tsawo iyakarta cinya, kuma na san ko ƙofar ɗaki Baba ba zai bari in fita da ita ba. A hanyar dawowa na tsaya wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, sai idona ya faɗa kan wata mujallar ɗinki ta Faransanci. A bangonta wata baturiya ce sanye da doguwar riga mai hula haɗe da wuya, tana murmushi cikin ruwa kamar an yi mata albishir. A tsakiyar mujallar akwai wata babbar takarda a ninke, patiron, wato zanen kowane ɓangare na rigar, wanda za ka ɗora a kan yadi ka bi da almakashi. Na ce shi ke nan, ni da na iya Faransanci, ga keken ɗinkin Inna a gida, me ya rage?

Da na buɗe takardar a tsakar gida sai da na zauna. Riguna wajen goma aka zana a kanta, wata kan wata, layi ja, layi baƙi, layi mai ɗigo-ɗigo. Ilmin ƙasa nake karantawa, taswira sana'ata ce, amma sai da na yi yini biyu kafin in gano inda hannun rigata ya rabu da ƙafar wandon wani. Na kwafe nawa a kan jaridu. Jarida kam ba ta yi mana wuya ba. Lokacin ne aka buɗe bakin kowa a ƙasar, jam'iyyu suka yi ta tsirowa, kowace da jaridarta, mai ƙosai ma sai ta zaɓi wadda za ta naɗe maka a ciki. Bayan rigata ya fito daga jaridar masu mulki, gabanta daga ta 'yan adawa, hular kuma ta faɗo daidai kan fuskar wani ɗan takara mai ƙaton tabarau.

Iskar nan ta faɗin ra'ayi har gidanmu ta shigo, kuma a kan rigata ta sauka. Na sayo yadi shuɗi mai santsi, irin wanda ake jakar 'yan makaranta da shi, na shimfiɗa, na jera jaridun. Inna ce ta fara zuwa. Shekara ashirin tana sayar da atamfa, ba ta taɓa yarda da santimeta ba, da taƙin hannunta take awo. Ta taƙa gaban rigar, ta taƙa ni, ta tsuke baki.

"Wannan ta wace ce? Ta 'yar tsana?"

"Inna, awona ne daidai. Na duba lambar."

"Daidai! Riga daidai jiki ai ta matsiyaci ce. So kike a ce a gidan mai yadi aka yi rowar yadi? Ƙara taƙi ɗaya kowane gefe."

Ta karɓi allin da kanta ta ja sabon layi. Tana tashi sai ga Goggo, yayar Baba, wadda tun rasuwar mijinta take zaune da mu, kuma ba a yanke ko farce a gidan ba da saninta ba. Ita hular ta ɗauka, ta kifa a kanta.

"Baturiyar nan ba ta ɗaura ɗankwali ne? To ke ina za ki sa naki? Ko tsirara za ki bar kan? Ranar da kika yi ɗaurin biki fa?"

Na ce ba na zuwa darasi da ɗaurin biki. Ta ce ba a san gobe ba. Hula ta ƙaru har sai da ta isa ta rufe ƙwaryar fura da faifanta. Baba ya zo wucewa masallaci, ko tsayawa bai yi ba, ya ce, "Ta kai idon sawu?" Aka ƙara tsawo. Ni kuma daga ƙarshe na karanta a mujallar cewa a bar yatsa biyu a kowane baki saboda ɗinki, na bi umarni na ƙara a kan duk abin da suka ƙara.

Mako guda na yi a kan keke. Yadin yana zamewa, zare yana cukuikuyewa, allura biyu suka karye, na haɗa hannu ɗaya a baibai na warware. Kullum na tashi sai in duba sama, ina roƙon Allah Ya riƙe ruwan har in gama, ni da nake rubuta wa malamai amfanin damina a takarda. Da na gama na sa ta, Inna ta zaga ni ta ce yanzu ta ga riga. Hannuna bai leƙo ba sam. In na juya kai, hular tana nan inda take, ni kaɗai nake juyawa a ciki.

Goggo ce ba ta gamsu ba. Ta kama wuyan rigar ta murza.

"Wannan ai buhu ne. Riga ba aiki a wuya? Ko yaron mota in zai sa riga sai an ɗan zaga masa wuya da zare. Ki fita haka a ce ba ki da kowa a duniya?"

A nan ya kamata in tsaya da ƙafata, kuma a nan ne ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na yi gardamar yini ɗaya. Amma da na rataye rigar na yi ta kallonta, sai na ga gaskiyar Goggo. A Zongo ba a barin wuyan riga fili, ta namiji ko ta mace, idona bai saba ba. Kuma in faɗi gaskiya, ina so 'yan ajinmu su tambaye ni inda na saya. Na samo zare ja da rawaya, na zauna da allurar hannu. Na yi dagi a ƙirji, na zuba furanni a kafaɗu, na zagaye bakin hular, da abin ya yi min daɗi na gangara har tsakiyar baya. Goggo tana gefe tana cewa in matse ɗinkin, aiki mai sako-sako na ragwaye ne. Na matse. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina abin da allura take bari a jikin yadin ruwa in ta shiga ta fita ba.

Ranar Talata ruwan ya zo, daidai tashinmu daga darasin rana. Kowa ya ruga neman mafaka, ni kuwa na zaro rigata daga jaka a hankali, na sa, na taka zuwa bakin titi ina jin kaina. Mai zemijan ɗin da na tsayar ya dube ni sama da ƙasa, ya leƙa cikin hular ya nemo fuskata.

"Madam, ku nawa ne a ciki? Mutum ɗaya nake ɗauka."

Muna hawa titi iska ta shiga ta ƙasa, rigar ta kumbura ta yi tozo a bayana. Babur ya fara tangaɗi. Mutumin yana ihu wai in riƙe tantina, jan mu baya yake yi. Na tattaro abin da na iya na zauna a kai, na rungume jakar littattafai a ciki. Masu mota suna mana oda, wata mai sayar da burodi ta nuna mu tana dariya har ta dafa gwiwa. Duk ban damu ba, tunda ruwa yana sauka yana gangarewa. Sai da muka yi rabin hanya na ji wani sanyi a wuya. Na ce zufa ce. Sanyin ya sauko ƙirji, ya bi kafaɗu, ya gangara tsakiyar baya, daidai inda na bi da allura. Daga nan har Zongo ban ƙara jin ihun mai zem ba.

Baba yana zaure shi kaɗai. Inna da Goggo suka fito da murna, a zo a ga aikin riga. Na tsaya ina ɗiga, na ce bari in shiga ɗaki tukuna.

"Cire a nan," in ji Baba.

Farar riga ce a jikina ranar. Da na zare ta ruwan, sai ga dagi a ƙirjina, ja da rawaya, ga furanni a kafaɗu, komai ya fito ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya bi ramukan allura ya shigo, ya kwaso rinin zaren ya buga min a jiki. Ƙasan zanena a bushe yake ƙarau, littattafai ma haka, amma daga wuya zuwa cibiya sharkaf nake.

Kowa ya zuba wa ƙirjina ido. Can Goggo ta ce, a hankali, "Amma fa aikin ya fito."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya miƙo hannu na ba shi rigar. Ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa, ni ma daga inda nake ina hango haske yana ratso ta kamar rariya. Ya naɗe ta a hammata ya fita cikin yayyafi, bai dube ni ba.

Na shiga ɗaki na canja kaya, na yi kuka mai isata. Haushin kaina ya fi na kowa. Na jawo wani kwali na fara jera littattafaina, don na fi so in kwashe su da hannuna kafin a ce in kwashe. Ina cikin haka, wajen la'asar, na ji wani wari kamar na garejin motoci yana shigowa ta taga.

Na leƙa. Baba ne a ƙarƙashin rumfa, zaune a kan turmi, ya naɗe hannun babbar rigarsa har kafaɗa. Ga kaskon gawayi a gabansa, ga gwangwanin tumatir a kai, kakin zuma da guntayen kyandir suna narkewa a ciki. Ya juya rigata a baibai ya shimfiɗa a gwiwa, yana tsoma wani tsinke mai tsumma a baki yana bin bayan aikin, fure bayan fure. Ashe gareji ya tafi ya ɗebo abin da suke toshe ɗinkin tamfol da shi, don kada ruwa ya taɓa albasa a hanya. Tunda nake ban taɓa ganin ya riƙe kayan mace a hannu ba.

"Kin tsaya kallona? Zo ki riƙe min nan."

Na durƙusa na ja yadin. Yana shafawa yana mita. Wai shekara nawa ana biya min lekwal ban san rami yana shigar da ruwa ba. Wai ko jakin da ke jan amalanke ya san wannan. Wai wa ya ce in yi furanni har goma sha huɗu, da uku na yi da tuni ya gama. Kakin ya ɗiga masa a yatsa, ya yarfe, ya ci gaba. Bai bar rami ɗaya ba, har ɗinkin kafaɗa da na hular sai da ya bi.

Da ta sha iska ya ce in sa. Ta yi tauri, tana ƙara in na motsa. Ya tsayar da ni tsakiyar gida, ya cika buta ya juye min a ka, ya sake cikawa ya juye, Inna da Goggo suna kallo daga bakin madafa. Sannan ya ce in cire. Ya sa bayan hannunsa ya taɓa kafaɗata, ya taɓa wuyan rigata. A bushe.

Ya ajiye butar, ya warware hannun rigarsa, ya nufi zaure. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Gobe ƙarfe nawa ne darasin?"

"Takwas, Baba."

"To ki fita da wuri. Hanya za ta yi ruwa."