Ƙofar Da Nazhat Ba Ta Ƙwanƙwasa Ba

A Mosul, Nazhat ba ta san wani abu wai shi rufaffiyar ƙofa ba. Idan aka yi rasuwa a unguwa, kafin a gama salati ta iso da tukunyarta. Idan haihuwa ce, ita ke fara ɗaukar jariri. Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ta san gidan da ba a ɗora girki ba a layinsu. Yaƙi ya ci gidanta, ya ci maigidanta Sabri, sai ta bi ɗanta Laith zuwa Sundsvall, wani gari a ƙasar Turawa, tana da shekara sittin da 'yan kai, da akwati ɗaya da ciwon gwiwa.

Aka ba ta ɗaki a bene na uku. Ƙofarta na kallon ta wata tsohuwa mai suna Gunvor, wadda ta yi ritaya daga aikin gidan waya, tana zaune ita kaɗai. A makon farko Nazhat ta yi abin da kowace 'yar mutunci za ta yi: ta cika faranti da kubba mai zafi, abincin garinsu mai nama a ciki, ta je ta ƙwanƙwasa. Gunvor ta buɗe ƙofa iyakar faɗin tafin hannu, ta karɓa, ta yi godiya, ta rufe. Ko "shigo" babu. Washegari farantin ya dawo a wanke, fayau, an ajiye shi a bakin ƙofa. Nazhat ta zauna ta yi kuka, don a garinsu ba a mai da faranti babu komai a ciki.

Laith, wanda ke tuƙa bas a garin, ya zo ya same ta ido a kumbure.

"Yumma, don Allah ki rufa mini asiri," ya ce, da sunan da suke kiran uwa a garinsu. "Nan ba a faɗo wa mutum kamar ruwan sama. Sai kin yi waya, a sa rana."

"A sa rana? Aurenta zan nema?"

"Ba raini ba ne, wallahi. Su a wurinsu girmamawa ce a ƙyale mutum."

"To, Allah ya kyauta. Ƙasar da sannu ma sai da alƙawari."

Amma ta koya, don idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka. Ta koyi tsayawa nesa da mutane a tashar bas. Ta koyi kama lokacinta a ɗakin wanki na ƙasan bene, ba ta shiga na kowa. Har ta iya abin nan nasu na jinkirta fita idan ta ji motsin maƙwabci a matakala, sai ya wuce. Wanda ya fi ba ta wahala shi ne kiran babba da sunansa tsirara. Ta ce wa tsohuwar "Hala", yadda ake kiran 'yar'uwar uwa a garinsu, sai Gunvor ta yi murmushi ta ce, "Gunvor kawai."

A ɗakin wankin nan abota ta ƙullu, a hankali, kamar tafasar dutse. Ranar Alhamis Gunvor ke wanki, Nazhat na biye da ita. Sukan kama bakin zanin gado su ninke tare, da ɗan yaren da Nazhat ta tsinta da kuma nuni da hannu. Jefi-jefi Gunvor kan gayyace ta shan gahawa da burodin kirfa, bayan ta sanar da ita tun mako guda. Nazhat ta so matar nan ƙwarai. Kuma tana alfahari da cewa shekaru sun wuce ba ta sake taɓa ƙofarta ba sai da izini.

Wani lokacin sanyi, irin wanda rana ke leƙowa ta koma kamar mai jin kunya, sai Nazhat ta daina jin rediyon Gunvor ta bango. Safiya ta yi, ba ta ji fitarta da sandunan tafiyarta ba. Hankalinta bai kwanta ba. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofar, ta ɗaga hannu, sai ta tuna maganar Laith, ta sauke. Ta ce wa ranta ƙila ta tafi Malmö wurin 'yarta, ai ba dole ne ta gaya mata ba. Washegari ta sake tsayawa, ta sake juyawa. Matar da a Mosul kan tura ƙofa da ƙafa don hannuwanta na riƙe da tukunya, ita ce yau ke tsoron a ce ba ta waye ba.

Ranar Alhamis ta sauka ɗakin wanki ta tarar da injuna a bushe, babu kwandon Gunvor. Gunvor kuwa ba ta taɓa fashin wankinta ba. Nazhat ta hau benen nan ta manta da gwiwa. Ta daki ƙofar da hannu biyu, ta durƙusa ta ɗaga murfin ramin da ake zura wasiƙu, ta ƙwala kira. Daga can ciki wata murya siririya ta amsa.

Da aka ɓalle ƙofar, a kicin aka same ta a ƙasa, ƙashin ƙugunta ya karye. Kwanaki ta yi a wurin, wayarta na kan tebur inda hannu ba ya kai. Sanyi ya riga ya shiga ƙirjinta.

Nazhat ta bi ta asibiti, ba ta tambayi kowa ko lokacin ziyara ne ba. Ta zauna a bakin gado tana shafa mata man zaitun a ƙafa. Da Gunvor ta samu bakin magana, ta dube ta.

"Na ji ki," ta ce. "Na san takunki, kina jan ƙafar hagu. Kin zo kin tsaya. Na ce yanzu za ta ƙwanƙwasa. Sai na ji kin juya."

Nazhat ta ji kamar an zuba mata ruwan zafi.

"Haba, Gunvor! To me ya hana ki yi ihu? Kina ji na, ƙofa ce kawai tsakaninmu!"

"Ban so in dame ki ba."

Amsar da ke bakin Nazhat ita ma ke nan. Ta kama hannun tsohuwar ta kifa goshinta a kai, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun mutuwar Sabri.

Gunvor ba ta koma gida ba. Ta rasu kafin ƙanƙara ta narke. A jana'izarta, bayan makonni, 'yarta ta riƙe hannun Nazhat ta gode mata, ta ce mahaifiyarta kullum tana yabonta, wai ba ta taɓa samun maƙwabciya irinta ba, wadda ba ta damun mutum.