Muryar Malam Idi tela

Har gobe ban manta da wata ranar kasuwa a Dogo-Dogo ba, lokacin ina mai fassara a gidan bidiyo. Aikin mai fassara shi ne ya kalli fim tun da wuri, in jama'a sun taru a rage sauti, ya riƙa maimaita maganar kowa da Hausa.

Maigidana ya samo wani tsohon fim na Ingila, baƙi da fari, na satar sarƙar zinari. Asalinsa wasan daɓe ne aka mayar fim, shi ya sa komai a falo ɗaya ake yi, ba gudu ba dambe, sai surutu. Na ce masa, “Alhaji, wannan barci za a yi.” Ya ce, “Kai ne gishirin, ka san yadda za ka yi.”

Akwai wani bara a fim ɗin da ake zargi, ni kuwa na san a ƙarshe za a wanke shi. Don a yi dariya sai na ɗora masa siririyar muryar Malam Idi, telan bakin kasuwa, har da “to madalla” ɗinsa da kowa ya sani. Bayan la'asar rumfa ta cika, aka yi ta shewa, kaina ya kumbura. Daidai inda ɗan sanda ya damƙe baran, gurup, wato injin ba da wuta, ya mutu. Mutanen ƙauyuka suka hau mashina da jakuna suka tafi da rabin labari.

Cikin mako ɗaya yara suka fara kiran Malam Idi “ɓarawon sarƙa”. Mata biyu suka aiko aka karɓe atamfofinsu, wai ba a yi masa wannan shaguɓe a banza ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Kasuwa ta zagayo, muka nuna fim ɗin kyauta. Na je da kaina na roƙi Malam Idi ya zo, ya zauna a gaba har aka wanke baran. Na ce, “Baba, ka gani? Ka yafe mini.”

Ya waiga ya dubi rumfar, ya ce, “Na yafe, ɗana. Amma waɗanda suka ga farkon, rabinsu ba sa nan.”

Ku da kuke wannan aiki yanzu, mutanen cikin fim ba su da maƙwabta, mutanen gari suna da su. Na ƙara shekara tara ina fassara, ban sake aron muryar wani mai rai ba.